Yadda Na Tsufar da Rigar Ɗan Dako a Riyad

Ku 'yan matan nan da iyayenku ke turowa ɗakin baya ku koyi aiki, ina jin abin da kuke faɗa in na juya baya. Wai aikin Hajiya Fanna ba wani abu ba ne, a yaga riga a shafa mata ƙasa, shi ke nan. Ɗayarku har cewa ta yi ƙaninta na goye kullum yana yin sa kyauta a gida. To ku ajiye wayoyin nan ku saurara. Ni ban yi boko ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma ba na son maimaita magana.

Sana'ata tsufar da tufafi. Masu shirya fim da wasannin talabijin, waɗanda a nan Riyad ake ce wa musalsal, sukan kawo mini riga sabuwa fil daga kanti, in mayar musu da ita kamar wadda mutum ya yi shekaru yana neman abinci a cikinta. Mai kallo bai kamata ya san an yi wani aiki ba. Ranar da ya ce kai, an iya tsufar da rigar nan, to ranar na ɓata aiki.

Daga Damagaram na zo, bayan maigidana Malam Mamman ya samu tuƙi a Unguwar Ofisoshin Jakadanci. Ni kuma aka sama mini wanki da guga a wani gida a can. Wata rana aka kira wata tela Baturkiya ta rage wa uwar gidan riguna. Narmin sunanta, gajeriya, ta fara manyanta, almakashi rataye a wuyanta da igiya. Ta shigo ɗakin guga neman dutsen guga, ta tarar na farke wuyan rigar mai gadin gidan ina juya shi, gefen da ya cinye ya koma ciki, mai kyau ya fito waje. Ta karɓa ta kai bakin taga ta daɗe tana dubawa. Sannan ta tambaye ni da gurɓataccen Larabcinta wa ya koya mini. Na ba ta amsa da nawa gurɓataccen, na ce rashi ne. Ba a jima ba aka mayar da kafalata, wato takardar wanda nake aiki a ƙarƙashinsa, hannun Ummu Sa'ud, Balarabiyar da ke da wannan shagon ɗinkin mata na Al-Naseem da kuke zaune a ciki. Gaba kayan amare da abayoyi, kamar yadda kuka gani. Ɗakin baya na Narmin ne, kowa kuma Abla yake ce mata, wato yaya a yarensu.

Aikin farko da aka bar mini, kayan wata uwa ne da 'ya'yanta, na musalsal ɗin azumi. Abla ta daɗe a kansu, ta gama, ta ce in ninke in sa a jaka, da safe za a zo ɗauka, ta fita sayo zare. Na ɗaga rigar uwar, na ga gumi ya yi mata zane a baya, wuya ya yi baƙi, hammata a farke. Na tuna gobe mutum zai sa wannan ya tsaya gaban duniya. A gidanmu ko ɗan maƙiyinka ne ba ka bari ya fita cikin mutane haka in kana da sabulu. Na ɗauko baho. Na wanke su tas, na sa bula, na sa sitaci, na ɗinke hammatar, na goge har suna ƙyalli, na jera su ina jiran a yaba.

Abla ta dawo ta gani. Ba ta ɗaga murya ba. Ta jawo kujera ta zauna, ta ɗora rigar a cinya, ta yi doguwar magana da Turkanci wadda na gode Allah ban ji ba. Aka roƙi masu musalsal su ƙara haƙuri, muka sake daga farko, ina riƙewa tana gurzawa. Abu ɗaya ta bari cikin aikina, ɗinkin hammatar. Ta ce wannan gaskiya ne, matar da ke da allura ba ta barin hammata a buɗe. Shi ya hana ta kore ni.

Da aka kai kayan sai ta jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da kaset-kaset na bidiyo. Tana yarinya ta yi aiki a ɗakunan tufafi na masu fim a Istanbul, zamanin hoto baƙi da fari, kafin aure ya kawo ta ƙasar nan. Bayan la'asar, in aiki ya lafa, sai ta sa ɗaya a 'yar talabijin ɗinmu ta kashe murya. Ta ce yaren ba zai amfane ni da komai ba, kayan jikinsu zan kalla.

Fina-finan talakawa ne. Iyali sun sauko daga jirgin ƙasa da katifa ɗaure da igiya, suna kallon birni, birni bai ko lura da su ba. Ɗan dako ya goya kabad ɗin mai kuɗi yana hawan tudu, mai kayan na tafe a gaba hannu a aljihu. Mutane sun kafa ɗaki a gefen dutse kafin gari ya waye, da hantsi hukuma ta zo ta rushe. Manoma sun tsaya gaban mai gonar da suke nomawa, kowa hula a hannu. A irin nan Abla kan tsayar da hoton ta ɗora yatsa a kan gilashin. Ta tambaye ni ina hular nan ta cinye. Na duba, na ce a baki, ta gaba. Ta ce don me. Na sake duban hular. Ta ce nan yake kamawa in zai cire, kuma wuni yake yana cire wa mutane. Hular mai gonar kuwa ba ta cinye a ko'ina ba, don shi ba ya cire wa kowa. Wandon mai kuɗi a mazauni yake tsufa, na talaka a gwiwa. Daga ranar, kowace riga na ɗaga sai in tambayi kaina, mai ita wa yake durƙusa wa, me yake ɗauka, da wace kafaɗa.

Akwai wasu kaset ɗin da take sa mini don in ga abin da ba a yi. Yarinya wai 'yar talaka, an shafa mata gawayi a kunci, gira a gyare, a ƙarshe ɗan mai masana'anta ya aure ta kowa ya yi rawa. Waɗannan tsaki Abla take musu. Na ce mata ai gara su, ana gamawa da daɗin rai, naki kuwa talakan yadda ya shigo haka yake fita, wani ma a kurkuku, don me za a tara mutane a ɓata musu rai. Ta ce masu cika gidajen kallon a lokacin ai su ne 'yan dakon da masu wankin. Sun biya kuɗin guminsu sun shiga, sun ga kansu manya a jikin bango, ba a kuma sa su don a yi dariya ba. Ta ce wasu fina-finan har hana nuna su aka yi, ba don tsiraici ba, don dai sun nuna wa ke ci wa ke kallo. Ni ban taɓa taka Istanbul ba, amma matar da ake nunawa a fina-finan tana wanki a gidan manya na san ta. Na san abin da ya sa take tura hannuwa cikin zane in uwar gida ta shigo.

Kayan aikinmu ba su da tsada, shi ya sa kuke raina su. Dutsen goge kaushi na gwiwar wando ne da gwiwar hannu. Sanfefa ta bakin aljihu. Burushin ƙarfe sai yadi mai kauri, in kin sa shi a kan mai laushi kin kashe riga. Dafaffen ganyen shayi yana kashe farin sabon yadi, gahawa ta fi shi duhu, lalle kuma shi ke ba da jan nan da rana ke bari a baƙin kaya. Gumi da ruwan gishiri ake yin sa, a fesa, a shanya a saman bene, a sake fesawa, har farin layin ya fito da kansa. In kin zana shi da hannu kyamara za ta tona ki. Wuya ana taɓa shi da ɗan kitse da toka. Aljihu a jiƙa shi a zuba tsakuwa a rataye, ya saki baki kamar wanda ya saba ɗaukar waya da makullai. Rana ita ce babbar ma'aikaciyarmu, ta Riyad kuwa ba ta fashi. Almakashi shi ne na ƙarshe, sau da yawa ma ba na taɓa shi. Tufa ba ta yagewa a miƙe, sai ta yi laushi, ta yi siriri, sannan ta buɗe.

Abayar wata dattijuwa mai sayar da kayan ƙamshi a bakin kasuwa ita ce aikin da na fara yi ni kaɗai, Abla na kallo. Baƙi ya fi kowane launi taurin kai. In ya sha rana ba fari yake komawa ba, ja-ja yake yi a kafaɗa da tsakar kai, ƙasa kuma ya yi toka-toka saboda jan ƙasa. Na je kasuwa na zauna kusa da masu irin sana'ar, na dawo na yi abin da na gani. Abla ta juya ta gaba, ta juya ta baya, ta ce a ina matar nan take ajiye cinikinta. Na ce ban sani ba. Ta mayar mini. Na koma kasuwa, na ga ƙulli suke yi a gefen mayafi. Na jiƙa gefen na ƙulle tsakuwa a ciki har wurin ya riƙe yamutsewar. Sannan ta rataye ta, a wurinta kuwa yabon ke nan.

Abin da ke raba mai iyawa da mai wasa shi ne tagwaye. Kowace riga sai an yi mata 'yar'uwa, don in ruwa ya zuba wa ɗaya ko ta ɓata a ci gaba da ɗauka. Tabon da ke kafaɗar wannan sai ya zauna daidai a kafaɗar waccan. Ɓata riga ɗaya kowa ya iya. Ɓata biyu iri ɗaya, ki gwada ki gani.

Masu kawo aiki kuwa kala-kala ne. Wata 'yar wasa da za ta fito mai shara a asibiti ta matsa sai in kama mata rigar a ƙugu. Na ce mai shara sunkuyawa take yi, ina za ta kai matsattsen ƙugu. Ta kai ƙarata wurin Ummu Sa'ud, aka raba mana, na kama rabin abin da ta nema. Wani ya sa rigar makiyayi ya feshe ta da turare mai maiƙo, tabo ya fito a ƙirji, ya ce laifina ne. Waɗanda suka fi ba ni haushi su ne masu cewa a ƙara datti. Talaka ba ƙazami ba ne. Ya fi kowa wanki, don rigar ɗaya ce, wankin ma shi ke kashe ta.

Shekarar annoba ita ce muguwar shekararmu. Biki ya tsaya, ɗaukar fim ya tsaya. Muka koma ɗinka takunkumin fuska. Idon Abla dama ya fara hazo, zare ma ni ke zura mata, da hanya ta buɗe sai 'yarta ta zo ta tafi da ita Turkiyya. Ba a daɗe ba Ummu Sa'ud ta kira ni gaba, ta zaunar da ni, ta zuba mini gahawa da hannunta, to na san ba lafiya ba. Ta ce ita ba ta taɓa gane amfanin tsummokaran nan ba, don Abla ta riƙe ɗakin. Yanzu tana son ta fasa bangon ta faɗaɗa wurin amare. Masu ɗinkin amare tana da su, kuma sun fi ni sauri. Iƙamata, takardar zamana a ƙasar nan, ta kusa ƙarewa. In babu ɗakin baya ba ta da dalilin sabunta mini, sai fita ta ƙarshe. Iƙamar direba kuwa ba ta ɗaukar mata. Ke nan ni Damagaram, Malam Mamman nan.

Ana cikin haka wani saurayi ɗan ƙasar nan mai suna Nayif ya bugo yana neman Abla. Fim ɗinsa na farko yake shiryawa, labarin wani ɗan dako baƙar fata a sito-siton Al-Sulay. Da aka ce masa Abla ta tafi sai ya ce to in yi riga ɗaya da 'yar'uwarta a gwada, in ta yi a ba mu kayan fim ɗin duka. Ummu Sa'ud ta ce ta ji. In ya karɓa, bango ya tsaya. In bai karɓa ba, ta riga ta yi wa magini magana.

Na kira Abla a waya. Ta ce abu mai sauƙi, in yi yadda suke yi a Istanbul. A sayi sabuwar riga, a je bakin kasuwa a yi musaya da ɗan dako ya ba da tsohuwarsa, sai in kwaikwayi ta biyun a kanta. Ta ce ita ba ta taɓa ganin wanda ya ƙi ba. Na ce to, ban dai yi mata musu ba.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci Malam Mamman ya kai ni Al-Sulay, gidan da yaranmu na Maraɗi da Damagaram ke kwana. Na tafi da sababbin riguna a leda. Suka yi mana tarba, aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, aka kawo shayi, Inna sannu da zuwa, Inna ya gida. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai kowa ya koma kallon kofinsa. Ɗaya ya ce shi hoton da mahaifiyarsa ke da shi, yana cikin farar jallabiya ne jingine da motar wani, in rigar aikinsa ta fito a waya har ƙauyensu me zai ce mata. Sauran ba su faɗi nasu dalilin ba, ba kuma sai sun faɗa ba. Mu ba ma ba wani tufar da guminmu ya shiga. Ni kaina da wani ya zo neman tsohon ɗankwalina da sabo a hannu, da sai na tambayi wane boka ne ya aiko shi. Na ce to biyu a kan ɗaya. Nan abin ya ƙara lalacewa, don wanda ya ba da sababbi biyu a kan tsumma lalle akwai abin da yake nema.

Babbansu wani Bafillace ne daga wajen Dakoro, Buba, dogo, ya daɗe yana dako har kafaɗarsa ta dama ta fi ta hagu sauka. Rigarsa nake so. Tana kan igiyar shanya, ruwan toka, da alama ta taɓa zama shuɗiya. Da na ji lafazinsa sai na ajiye ledar. Ni Babarbariya ce, kun san tsakaninmu da Fulani akwai wasa, duk abin da na faɗa masa dole ya haɗiye.

"Kai bawana," na ce, "wa zai ɓata kuɗinsa ya yi maka asiri? Ko akuya ba ka da ita."

"Hajiya, Babarbariya ko gaisawa kuka yi sai ka duba yatsunka ko sun cika," in ji shi. "Balle riga."

Aka yi dariya, tsakar gidan ta saki. Na ce to ya riƙe tsummansa, kallo fa, shi ma haramun ne? Ya yi tunani, ya ce kallo ba laifi, amma hannuna a baya, kuma ban da hoto. Da kansa ya tsaya yana gadina.

Haka na yi ta zuwa, Juma'a bayan Juma'a, ina tsaye gaban igiya hannu a baya kamar mai jiran hukunci. Kafaɗar dama ta yi siriri har ana ganin rana ta cikinta, ta hagu lafiya lau. Ƙasan rigar ta gaba ya fi ko'ina duhu, don da shi yake share fuska. Maɓalli na biyu ba na rigar ba ne. A bayan kafaɗa akwai faci da ya yi da kansa, da zaren buhun shinkafa, ɗinki manya-manya a karkace. Zanen gumi ba ya zama a wankakkiyar riga, sai da Malam Mamman ya ajiye mota nesa da sito ranar aiki, na leƙa ta gilashi ina kallon bayan Buba yana sauke kwalaye. Duk abin da na gani a kai nake riƙe shi, in dawo in zuba a kan yadi kafin ya gudu.

Facin ne ya ba ni wahala. Hannuna ya saba, ko na so in karkata sai ɗinkin ya miƙe. Na gwada da hagu, ya fito kamar na gwanar da ke ɓoye gwaninta. Daga ƙarshe na zaunar da Malam Mamman, na ba shi basilla da zaren buhu na ce bismilla. Ya ce shi direba ne, manyan mutane yake tuƙawa. Na ce ai shi ya sa, wanda bai iya ba nake nema. Ya ɗinka na farko yana ƙunƙuni, har ya soke yatsa. Na biyun ya fi wuya, don ya fara iyawa, sai da na tsaya a kansa ina hana shi gyarawa.

Nayif ya karɓi rigunan ya gwada su gaban kyamara, ya kira ni ya nuna mini a ƙaramin allon da yake kallo. Zanen gumin da nake taƙama da shi ya ɓace gaba ɗaya, hasken fitilunsa ya cinye shi. Ya gaya mini cikin ladabi cewa kyamarar yanzu ba irin ta zamanin Abla ba ce, sai an ƙara duhun yadin da ke kewaye da farin kafin ya fito. Yaron ya san aikinsa. Na koma na ƙara shayi, na sake hawa bene. Ya ce hukunci sai ranar da ya gwada a inda za a ɗauki fim ɗin, cikin rana, a jikin ɗan wasan.

Wurin gwajin wani sito ne a Al-Sulay, ashe layi ɗaya da inda su Buba ke aiki, ban sani ba sai da muka isa. Ina zaune a inuwar mota da kwandon kayan aikina, ɗan wasan ya sa rigar ya juya baya, an ɗora masa kwali a kafaɗa. Sai ga Buba ya ɓullo da buhu. Ya tsaya cak. Ya sauke buhun a hankali, ya ratsa ta cikin wayoyin fitilu ba wanda ya iya tare shi, ya kama ɗan wasan ta baya yana duba facin. Sannan ya waigo yana nemana.

"Hajiya, ashe haka za mu yi da ke? Kallo na ce."

"Kallo na yi."

"Wannan zarena ne. Ni na ɗinka shi da hannuna."

Na ce ya duba jikinsa. Ya sunkuya ya duba. Tasa na jikinsa, gumi ya jiƙa ta. Ya kai hannu baya ya shafo facinsa, ya sake duban na ɗan wasan. Abokan aikinsa da suka taru suka fashe da dariya, shi bai yi ba. Ya ce dama ya san Barebari ba a zama da su lafiya, ga shi yana tsaye an raba masa riga biyu.

Nayif ya zo yana tambayar me ya faru. Malam Mamman ya fassara masa, bai dai faɗi wanda ya ɗinka facin ba. Nayif ya roƙi Buba su tsaya kafaɗa da kafaɗa da ɗan wasan, su juya baya, ya daɗe yana dubawa ta allonsa. Ɗan wasan kuma da ya ga kafaɗar Buba, shi da kansa ya ce ya nuna masa yadda ake ɗora kaya. Buba ya ce zai nuna, amma ladansa daban, kuma kada fuskarsa ta fito. Aka amince masa. Nayif ya zo inda nake ya rage tsawo, ya ce, "Hajja, 'yan dako nawa za ki iya yi mini kafin ƙarshen wata?" Na ce ya turo awonsu, amma kada ya sa mini rana, rigunan ne za su faɗi lokacin da suka yi.

Kafin mu iso Al-Naseem ya riga ya bugo wa Ummu Sa'ud. Na same ta a gaba tana duba rigar wata amarya. Ta ce in miƙo mata 'yar'uwar rigar da ke cikin kwandona. Ta ɗaga ta da yatsa biyu, ta juya, ta yamutsa fuska.

"Wallahi ni har yanzu tsumma nake gani," in ji ta. "Gobe ki kawo fasfonki a sabunta iƙamar."

Na ce zan kawo, amma ta fara ba ni makullin bene, don da sassafe akwai rigunan da za su hau rana.